Littafin aiki: canza wa manhajar shagon Kawu kala da kamanni

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na fara wannan rubutun ne don in riƙa ajiye abin da nake yi, saboda na lura in ban rubuta ba, bayan sati biyu sai in manta dalilin da ya sa na taɓa abu kaza. Manhajar da nake magana a kanta ita ce wadda na haɗa wa Kawu shekara biyu da suka wuce, ta lissafin shagonsa na atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari. Da yaren kwamfuta na Python na rubuta ta, fuskarta PyQt5, wato Qt, kayan haɗa tagogi da botin na manhaja, ta hanyar Python, bayanan kuma suna cikin ma'ajiyar bayanai ta SQLite. Tana aikinta lafiya lau, tana riƙe kaya, tana riƙe bashi, tana fitar da rasit, ba ta taɓa cinye masa ko naira ɗaya ba. Amma fuskarta fari fat ce, rubutu ƙanana, ban taɓa zama na kula da wannan ɓangaren ba don a lokacin burina kawai lissafi ya fita daidai.

Abin da ya tayar da maganar, jiya bayan Isha na shiga gaishe shi na same shi zaune kan darduma a falo, an ɗauke wuta, laftof ɗin na kan cinyarsa yana haɗa cinikin ranar, ya runtse ido ɗaya ya kawar da kai gefe, hasken sikirin ɗin ya haske masa fuska gaba ɗaya har gilashinsa na ƙyalli. Yace min "ɗan nan, abin nan naka yana dalle min ido kamar fitilar mota, ba yadda za a rage masa?" Na duba, ashe ya riga ya rage hasken har ƙarshe, farin ne kawai ya yi yawa. Abin ya tsaya min a rai sosai, mutumin da ya riƙe ni tun ina firamare, kullum dare yana wahala da abin da na yi da hannuna kuma bai taɓa faɗa ba sai jiya.

To aikin kenan. In yi mata kala mai duhu ta dare, in gyara ta rana, in ƙara girman rubutu. Ina so in gama kafin azumi don da an shiga azumi kasuwa za ta cika da masu sayen kayan sallah, ba wanda zai saurare ni da wani gwaji.

Litinin, 13 ga Janairu

Abu na farko da na koya yau, ba za ka iya canza kala yadda kake so ba muddin manhajar na sanye da rigar Windows ta asali. Qt 5 a kan Windows yana ɗaukar salon da ake kira windowsvista, shi kuma wannan salon Windows ɗin ne da kansa yake zana botin da akwatin rubutu da sauransu, don haka in ka ce botin ya zama baƙi sai wani wurin ya ji wani wurin ya ƙi, ka samu rabi duhu rabi fari. Mafita ita ce a koma salon Fusion, wanda Qt ne ke zana komai nasa kuma yana bin duk kalar da ka ba shi. Layi ɗaya ne kawai, app.setStyle("Fusion"), kuma nan take na ga bambanci.

Daga nan sai QPalette, wato faifan kaloli. Kowane wuri da sunansa: Window bangon taga, Base cikin akwatin rubutu da tebur, Text rubutun ciki, Button da ButtonText, Highlight abin da aka zaɓa. Na zuba musu kaloli masu duhu na kunna, gaskiya na ji daɗi da na gan ta, kamar wata sabuwar manhaja. Amma da na fara dannawa sai na ga botin "Goge" da ya kamata ya dushe in ba a zaɓi komai ba yana nan da haskensa kamar kowa. Ashe faifan rukuni uku ne, Active da Inactive da Disabled, in ka ba da kala ba ka faɗi rukuni ba sai ta shafi dukkan ukun. Sai da na koma na ba Disabled tasa kalar daban, ruwan toka mai duhu-duhu, sannan abin da ba ya dannuwa ya koma kama da abin da ba ya dannuwa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana uku ina share sharar da na bari a baya. Lokacin da na rubuta manhajar duk inda nake son wani abu ya yi ja ko kore sai in rubuta kalar nan take a wurin, setStyleSheet a nan setStyleSheet a can, har cikin fayil ɗin rasit da na bashi. Yanzu da bango ya koma duhu duk waɗannan wuraren suka fito fili, rubutu baƙi kan bango baƙi, sai ka ja linzami a kai kafin ka san akwai rubutu a wurin.

Na tattaro su duka wuri ɗaya. QSS, wato yaren ado na Qt mai kama da CSS na shafukan intanet, ba shi da hanyar da za ka ba kala suna ka riƙa kiranta, don haka na yi dabara: na rubuta fayil ɗin QSS guda ɗaya da sunaye irin @bango, @rubutu, @bashi, @biya, @ado, sai wani ɗan kod ya musanya kowane suna da lambar kalarsa kafin a ɗora. Kaloli kuma suna cikin jeri biyu, na dare da na rana. Yanzu in zan canza jan bashi wuri ɗaya zan taɓa. Da tun farko haka na yi da kwana ukun nan sun tafi a wani abin.

Na kuma zaɓi kalar ado, wadda za ta zama ta abin da aka zaɓa da babban botin. Shuɗi mai duhu irin na baba nake so, irin wanda ake turawa a marinar Ƙofar Mata, don rawanin da Kawu ke sakawa ranar sallah kenan kuma shago ne na tufafi, ya dace.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau na zauna da lissafi maimakon ido. Akwai ƙa'idar da masu shafukan intanet ke bi, WCAG, wadda ta ba da awon bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa. Awon yana farawa daga 1:1, wato kala ɗaya kan kanta ba a ganin komai, ya ƙare a 21:1 wato baƙi ƙirin kan fari fat. Suka ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5:1, manyan rubutu kuma 3:1. Ba don manhajar tebur aka rubuta ta ba amma ido ai ido ne. Na rubuta ɗan kod da ke ɗaukar kala biyu ya ba ni awon, na bi jerin kalolina ɗaya bayan ɗaya.

Bangon dare na sa #1E1E1E, ban sa baƙi tsantsa ba, rubutu kuma #E0E0E0 ba fari tsantsa ba, awonsu ya kai wajen 12.6:1, ya wadatar kuma ba ya suka. Inda aka samu matsala jan bashi ne. Ja tsantsa #FF0000 da nake ganin ba abin da ya kai shi fitowa, a kan wannan bangon 4.2:1 kawai ya ba ni, ya faɗi. Na sassauta shi zuwa #FF6B6B, ja mai ɗan ruwan hoda, ya haura 6:1. Shuɗi kuwa shi ya fi ba ni mamaki, shuɗi tsantsa bai ma kai 2:1 ba, saboda a lissafin haske kore ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin ɗari, ja wajen 21, shuɗi kuma kashi 7 kacal. Idon ɗan Adam haka Allah ya yi shi. Ke nan shuɗin babana ba zai zauna a matsayin rubutu kan bango mai duhu ba ko kusa. Raina bai so ba, amma na bar shi ga kalar rana inda zai fito ras a kan fari, na dare kuma na ɗauki ƙaninsa mai haske #8C9EFF.

Wani abin da na gano, bayanan ƙasa-ƙasa irin kwanan wata da lambar rasit da na yi musu ruwan toka mai haske a tsohuwar fuskar, duk ba su kai awo ba. A kan fari, #767676 shi ne kusan iyakar hasken da ruwan toka zai yi ya tsallake, #777777 ma da ƙyar ya gaza. Nawa sun fi haka haske nesa ba kusa ba. Shekara biyu Kawu na karanta su haka.

Talata, 21 ga Janairu

Ƙaramin abu ya ci min dare. Na yi wa akwatin zaɓi, QComboBox, ado da QSS, na ba shi gefe mai lanƙwasa, na taɓa ɓangaren da kibiyar take, sai kibiyar ta ɓace gaba ɗaya. Haka abin yake, da zarar ka fara yi wa irin waɗannan ado da kanka sai Qt ya sakar maka ragowar, dole ka kawo hoton kibiyarka ka nuna masa. Na zana guda a SVG, wani tsarin ajiye zane. Layukan tebur masu musayar kala su ma ba su fito ba sai da na tuna ana kunna setAlternatingRowColors a cikin kod, QSS kaɗai ba ya isa. Kalandar zaɓen kwanan wata har yanzu Asabar da Lahadi suna fitowa da wani ja mai duhu da ba a gani, na rubuta shi cikin abin da ya rage.

Asabar, 25 ga Janairu

Na kai shago yau, kuma yau ce ranar da na gane ban san komai game da inda manhajar nan take rayuwa ba.

A ɗakina sikirin ɗina mai kyau ne, labule a sauke. A shago laftof ɗin tsohuwa ce 'yar Beljiyom, sikirin 1366 da 768, irin gilashin da in ka ɗan sunkuya ko ka ɗaga kai sai kala ta canza, tana kan teburi daf da ƙofa, rana na shigowa ta gefe, ga ƙurar hunturu ta yi mata lulluɓi. Da na kunna kalar dare sai sikirin ɗin ya zama madubi. Fuskata nake gani da dilolin atamfa da ke bayana da mai turin baro da ke wucewa a layi, rubutun kuma can ciki kamar a ƙasan rijiya. Bambancin da na sha wahala na yi tsakanin bango da layukan tebur, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu, babu shi sam, duk sun narke sun zama abu ɗaya. Babban yaron shagon ya leƙo yace "Yaya, wannan sai dai da daddare." Gaskiyarsa.

Ban gama shanye wannan ba wata Hajiya ta sayi turmi uku na atamfa da yadi biyar na shadda, aka danna a fitar mata da rasit, sai firinta ta fara wani irin ƙugi tana tafiya a hankali, takardar ta fito baƙa wuluk tun daga sama har ƙasa, rubutun fari-fari a ciki da ƙyar ake karantawa, takardar har da ɗumi a hannu. Hajiyar ta juya ta ta sake juyawa tace "wannan kuma fa?" Kawu bai ce min komai ba, ya jawo littafin rasit na hannu daga ƙarƙashin teburi ya rubuta mata da biro ya ba ta haƙuri. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Laifin nawa ne. Yadda na yi rasit tun farko, akwai wata taga da ke nuna shi, sai in ce a ɗauki hoton wannan tagar yadda take a miƙa wa firinta. Lokacin da bango fari ne ba wanda ya lura. Yanzu bango ya zama duhu, ita kuma firintar irin mai aiki da zafi ce, ba tawada, duk inda aka ce baƙi sai ta ƙona takardar, to ta ƙona faɗin milimita 80 gaba ɗaya. Na mayar musu da tsohuwar manhajar kafin in bar shagon.

Talata, 28 ga Janairu

Na raba rasit da fuskar manhaja kwata-kwata. Yanzu ana haɗa shi daban a QTextDocument, wato takardar rubutu ta Qt, baƙin rubutu kan farin bango, ba ruwansa da jerin kalolina ko na dare ko na rana. Tagar da ke nuna shi kafin a buga ita ma na bar ta fara, kamar takarda a kan teburi, don abin da mutum ya gani shi zai fita. Na ari firintar na kwana da ita a gida na buga rasit ya fi ashirin a kowace kala.

Sai kan taga, wurin da sunan manhaja da alamar rufewa suke. Duk jiki ya yi duhu amma wannan layin yana nan fari tas, kuma da daddare shi kaɗai ma ya isa ya dame ka. Wannan wurin ba Qt ke zana shi ba, Windows ne. Akwai wani kira da ake yi masa, DwmSetWindowAttribute, ka ba shi lamba 20 ka ce a kunna, ta ctypes na yi, hanyar da Python ke yin irin wannan kiran, sai kan ya koma duhu. A tsofaffin fitowar Windows 10 lambar 19 ce, don haka na sa ya gwada 20 in bai karɓa ba ya gwada 19.

Na so in sa manhajar ta riƙa bin abin da Windows ke kai, akwai wani wuri a rajista, inda Windows ke ajiye saitinsa, mai suna AppsUseLightTheme, in 0 ne duhu in 1 ne haske, har na rubuta kod ɗin. Sai na tuna Kawu ba zai taɓa shiga saitin Windows ya canza wani abu ba. Na cire, na sa botin ɗaya babba a sama, an rubuta "Dare" in an danna ya koma "Rana", kuma tana tuna wanda aka bari a kai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci da ya faru tun da na fara.

A teburin abokan ciniki, wanda ya biya adadinsa na fitowa kore, mai bashi kuma ja. Haka yake tun ranar farko, kuma ina alfahari da shi don kallo ɗaya za ka yi ka san inda kuɗi suka maƙale. Yau ina gwada sabbin kalolin da ƙaramin yaron shagon, ɗan shekara sha tara, mai hankali ne sosai shi ke riƙe shagon in Kawu ya tafi masallaci, nace masa nuna min masu bashi a wannan shafin. Sai na ga bai nuna ba, ya kama linzami yana buɗe kowane suna ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Nace ai ba sai ka buɗe ba, jajayen nan su ne. Ya yi shiru, can yace "Yaya, ni fa duk kusan iri ɗaya nake ganinsu, tun da can ma buɗewa nake yi."

Jikina ya yi sanyi. Na nemo hotunan gwajin Ishihara a waya, waɗannan da'irori masu ɗigo-ɗigo da lamba a ɓoye a ciki, wani likitan ido ɗan Japan ne ya fitar da su a 1917, na nuna masa. Na farkon da kowa ke gani ya karanta 12. Na gaba da yawa bai ga komai ba, wasu kuma ya faɗi wata lamba daban. Na gaya masa ni ba likita ba ne kuma waya ba wurin gwaji ba ce, ya kamata ya je asibitin ido a duba shi da kyau, amma abu ne sananne, rashin bambance ja da kore, gado ne ake haihuwar mutum da shi kuma ya fi yawa a maza nesa ba kusa ba. Yace shi ya sa in mace ta ce a miƙo mata mai ruwan ganye wani lokacin sai ya miƙo wata a yi ta masa dariya, shi kuma ya ɗauka rashin lura ne irin nasa. A shagon atamfa fa. Ya haddace inda kowace take ne da zanenta da lambarta.

Na roƙe shi ya bar ni in gaya wa Kawu, ya yarda. Kawu ya daɗe bai yi magana ba sannan yace "Allah sarki, ni kuwa ina ta yi masa faɗa."

A manhaja kuma na daina dogara da kala ita kaɗai. Na ƙara layi guda a teburin da ke rubuta "BASHI" ko "AN BIYA" ɓaro-ɓaro, mai bashi rubutunsa mai kauri da alamar kusurwa uku a gabansa, wanda ya biya alamar maki. Koren ma na karkatar da shi ya yi wajen shuɗi-shuɗi, jan kuma wajen ruwan lemo, don su rabu ko a idonsa. Na kira shi ya zo ya zaɓa da kansa cikin gwaji huɗu, wanda yace ya fi rabuwa shi na ɗauka, ba wanda ya fi min kyau ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Satin nan na rubutu ne. Na sauko da wani salon rubutu mai kyau da na gani, siriri mai tsafta, na ɗora, sai na ga "Ƙidaya" da "Kuɗi" da "Ɓangare" sun fito wani iri, ƙ da ɗ da ɓ sun fi sauran haruffan kauri kuma sun ɗan nutse ƙasa kamar baƙi a cikin layi. Salon ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, shi ne Qt ya aro su daga wani salon ya cike gurbin. Alamar ₦ ma haka. Na ajiye shi na koma Noto Sans, yana da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, yana da ₦, kuma lasisinsa ya yarda ka haɗa shi cikin manhajarka. Na saka fayil ɗin a ciki ina ɗora shi da addApplicationFont don kada in dogara da abin da ke kan kwamfutar.

Girma kuma na tashi daga 9 zuwa 12, jimillar kuɗi 16 mai kauri. Nan take tagar sayarwa ta ƙi shiga sikirin ɗin shago, botin "Ajiye" ya faɗa ƙasa ba a ganinsa, tsayin 768 ba wasa ba ne. Sai da na rage sarari tsakanin layuka na mayar da wasu akwatuna biyu gefe da gefe. Yanzu duk gwajin da zan yi sai na mayar da sikirin ɗina 1366 da 768 tukuna. Lambobin kuɗi kuma na jera su ta dama da waƙafi, 1,250,000 a ƙarƙashin 85,000 kowane sifili a mazauninsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai wa Kawu gida da daddare don ya gwada kalar dare a inda aka yi ta dominsa. Ya saka gilashi ya duba ya ce hasken kam ya daina dukansa, alhamdu lillahi, amma rubutun kamar yana da wani hazo a gefensa, fari yana malala cikin baƙi. Na san wannan, wasu idanun haka suke yi da farin rubutu kan duhu, musamman in ɗaki ba haske ƙwayar ido ta buɗe sosai. Na rage hasken rubutun kaɗan na ƙara masa kauri, na ɗaga bangon ya ɗan yi toka-toka, muka yi ta gwadawa yana cewa "ƙara... a'a mayar... yawwa tsaya nan." Mun fi minti arba'in. Inda ya ce a tsaya nan na rubuta lambobin, na duba awo kuma sun wuce 4.5 da nisa.

Ta rana ma na cire farin fat ɗin na sa mai ruwan madara, #FAF6EC, rubutu #222222, ga shuɗin baba a kan teburi da babban botin. A shago wannan ce ke aiki, rana ko ta shigo ana gani.

Akwai wani ɗan akwati da ke nuna kalar kowane kaya kusa da sunansa. Kawu ya nuna wata shadda a kalar dare yace "wannan ai ba ruwan goro ba ce, ta yi haske." Na koma kalar rana yace yawwa ga ta. Lambar kalar ɗaya ce ban taɓa ta ba, bangon da ke kewaye ne ke sa ido ya gan ta daban, mai sayar da tufafi kuwa ba ka ja da shi a kan kala. Na kewaye kowane akwati da zobe ruwan toka tsaka-tsaki mai ɗan faɗi wanda ba ya canzawa ko dare ko rana, na kuma sa sunan kalar a rubuce a gefe yadda suke kiranta a shago, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, makuba, sararin samaniya. Wannan ya taimaki ƙaramin yaron ma.

Ya tambaye ni ko kalar dare za ta sa batir ya daɗe. Na gaya masa gaskiya a'a, a irin wannan sikirin ɗin fitilar baya a kunne take ko baƙi ake nunawa ko fari, sai a sikirin irin OLED ne duhu ke rage cin wuta.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na dunƙule ta da PyInstaller, mai haɗe manhajar Python ta yi aiki da kanta, na kai kan wata kwamfutar da ba Python don gwaji, ta buɗe tsirara, ba kala ba salon rubutu ba kibiya. Fayilolin QSS da na rubutu da hotunan ban ce a haɗa da su ba, sai da na ƙara su da --add-data, na kuma gyara yadda kod ke neman hanyarsu don in an dunƙule a fayil ɗaya ana zazzage su ne a wani wurin wucin gadi da ake samu ta sys._MEIPASS. Gumakan botin na SVG ne, baƙaƙe, a kalar dare ba a ganinsu, to tunda SVG rubutu ne a ciki sai na sa a musanya lambar kalar kafin a zana, saiti ɗaya ya wadatar wa dare da rana.

Wani abin kuma, in layi ya tashi daga bashi ya koma an biya, akwatin jimilla na sama ba ya canza kala sai an rufe an buɗe. Sai an ce wa salon ya sake duba shi, unpolish sannan polish. An gyara.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kwana huɗu kenan sabuwar tana shago ba a kira ni ba. Jiya na biya da la'asar na tsaya daga bakin ƙofa, ƙaramin yaron na kan kwamfuta wani dillali na tambayarsa ko saura nawa a kansa, ya kalli sikirin sau ɗaya ya faɗa masa, bai buɗe komai ba. Da daddare kuma 'yar Kawu ta turo min saƙo wai Baba yace a gaya maka ya gama lissafi idonsa bai yi ruwa ba.

Abin da ya rage: kalandar nan da jan Asabar da Lahadi, ɗan bayanin da ke fitowa in ka ɗora linzami a kan botin har yanzu yana zuwa da kalar da ba tawa ba a wasu tagogin, sai kuma taswirar cinikin wata da matplotlib, kayan zanen alƙaluma na Python, ke zanawa, ita tana da nata tsarin kalar daban kuma har yanzu fara ce tas a tsakiyar duhu. Azumi saura kwana uku ko huɗu, ba zan taɓa komai a kwamfutar shago ba sai bayan sallah. Kalandar zan fara da ita a gida daren Asabar in Allah ya kai mu.